Matakala Talatin da Takwas

A Kudenda akwai wani tsohon bene mai hawa uku da filat goma sha biyu, wanda wani kamfani ya gina wa ma'aikatansa tun zamanin da masana'antun unguwar ke hayaƙi. Da kamfanin zai rufe, sai ya sayar wa mazauna gidan, kowa da filat ɗinsa, kowa da takarda mai ɗauke da sunansa da lambar ƙofarsa. Abin da ya saura, wato matakala da rufi da tsakar gida da bishiyar mangwaro, na kowa da kowa ne, ƙarƙashin ƙungiyar masu gida. Ƙungiyar na da ciyaman, Baba Istifanus, wanda ya yi shekara talatin yana riƙe da makullin siton kamfanin, har yau bai daina tafiyar mai riƙe da makulli ba. Tana kuma da kundin dokoki mai shafi arba'in da wani ya kwafo musu daga wani rukunin gidaje na Abuja. Kundin ya yi bayani dalla-dalla kan lokacin rufe wurin ninkaya da yadda za a shiga lif, abubuwan da gidan bai taɓa gani ba ko a mafarki. Ranar da aka kawo shi an yi addu'a, kowa ya sa hannu, aka jefa shi a durowa.

Celina da mijinta Ebenezer su ne masu lamba goma sha ɗaya, can hawa na ƙarshe. Daga ƙasa zuwa ƙofarsu matakala talatin da takwas ne. Shekara da shekaru tana hawa tana sauka da kulolin abincin da take sayar wa ma'aikata a bakin masana'anta, ba ta taɓa ƙirga su ba, sai da ɓarin jikin Ebenezer na dama ya shanye. Mutumin da ya ja wayar wutar gidan nan kaf da hannunsa ya koma ba ya iya sa ƙafa a matakala ko ɗaya. Duk ranar asibiti sai an nemo maza huɗu su ɗauko shi a kujerar roba, shi kuma kunya ta fi ciwon damunsa, har ya fara cewa ba zai je ba. Wata goma sha huɗu ya yi, in ban da ranar asibiti, bai ga tsakar gida ba sai ta taga.

Wata rana da yamma Mama Hadassah ta lamba biyu ta hauro. Gwauruwa ce mai sayar da citta, gajeriya, mai faɗa kamar ta ci babu, amma duk gidan babu mai zuciyarta.

"Maman Peace," ta ce wa Celina, da yake da sunan 'yarsu ta fari ake kiranta, "ku sauko ƙasa, ni in hau nan."

Celina ta ce, "Haba Mama, da shekarunki?"

"Shekaruna me? Ni da na girma ina hawan dutse da kwandon citta a ka? Ƙasan nan ma ya ishe ni, kowa ya wuce sai ya leƙa tukunyata. Mutumin nan zai mutu a sama kamar tattabara a keji, kuna kallo."

Aka yi musayar ranar Lahadi bayan an taso daga sujada, a gindin mangwaro, yadda ake musayar gona a gida. Baba Istifanus ya zauna a tsakiya da dattawa biyu. Aka ɗora makullan biyu a kan Littafi Mai Tsarki, aka yi addu'a mai tsawo, Mama Hadassah ta ɗauki na sama, Celina ta ɗauki na ƙasa, suka sha hannu a gaban jama'a. Aka sha kunun acca. Babu wanda ya tuna da takarda, domin a ganinsu abin da aka yi a gaban Allah da dattawa ya fi ƙarfin biro. Takardun suka ci gaba da kwanciya a ƙasan akwatuna, ta Ebenezer na cewa lamba goma sha ɗaya, ta Mama Hadassah na cewa lamba biyu.

Shekara uku aka yi a haka. Ebenezer ya koyi jan ƙafa da sanda daga ƙofa zuwa gindin mangwaro, taku ashirin, can yake wuni yana sa wa masu wucewa ido, yana gyara wa matan gidan soket da hannun hagu. Maganarsa ta ɗan dawo, kalma ɗaya ko biyu, da nauyi. Celina ta dawo da barcinta da dariyarta. Kowace yamma takan haura wa Mama Hadassah da kunu, kuma a can ta gane abin da tsohuwar ba ta faɗa ba ranar da ta zo da maganar musaya. Amma ta riƙe abin a ranta.

Da damina ta tsaya, Mama Hadassah ta kwanta kwana shida a asibiti, ta rasu. Daga asibitin aka wuce da ita ƙauye. A wurin jana'izar ne Celina ta sake ganin Clinton, ɗan marigayiyar tilo, wanda ke aiki a Fatakwal kuma rabonsa da Kudenda ya fi shekara uku. Ya rame, ga shi da ladabi, ga shi ba ya haɗa ido da kowa.

Bayan wata biyu ya iso gidan da jaka ɗaya da fayil a hannu. Bai hau sama ba. Ya ƙwanƙwasa lamba biyu, ya gaishe da Ebenezer har ƙasa, ya sha ruwan da aka ba shi, sannan ya buɗe fayil ɗin.

"Mama, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa," ya ce wa Celina. "An sallame mu daga aiki. Babu abin da ya rage mini sai gidan nan. Takarda ta ce lamba biyu ce tamu. Ina so in fasa ƙofa ta wajen titi in buɗe kemis, na riga na yi magana da wani abokina mai lasisi."

"Clinton, mamanka ta ba mu nan, mun ba ta sama. Duk gidan nan shaida ne."

"Ta gaya mini a waya. Ni na ɗauka aro ne, saboda jikin Baba. Ba ta sa hannu a komai ba. Abeg, don Allah, ba wai ina korar ku ba ne, naku na nan sama. Zuwa ƙarshen wata mai zuwa ya isa ku shirya."

Celina ta dubi mijinta. Ya ƙura wa sandarsa ido. Tsoro ne ya fara kama ta, fushi ya biyo baya, irin fushin da ke sa kunne zafi. Akwai magana a bakinta wadda ta san in ta sake ta yaron nan ba zai ƙara ɗaga kai ba, amma ta haɗiye ta da ƙyar, ta ce ya gaida gida. Ya tafi ya sauka wurin abokinsa a Kakau.

Washegari ta rufe kuloli da wuri ta shiga keke zuwa Unguwar Boro, ofishin Barista Lizzy, wadda suke zumuntar mata tare a coci. Barista ta saurare ta har ƙarshe, ta karɓi kundin dokokin da Celina ta aro wurin Baba Istifanus, ta hure ƙurar da ke kansa.

"Anti, kun ɗora makulli a kan Littafi, amma ba ku rubuta ko layi ɗaya ba?"

"Mun yi addu'a. Da dattawa uku."

"Addu'ar ta karɓu, na tabbata. Amma alƙali ba ya wurin. Gida ba ya canja hannu da baki, sai da rubutu da sa hannu. Dubi nan ma, dokarku ta goma sha bakwai ta faɗi haka, kuma ga sa hannunki a shafin ƙarshe."

Celina ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. "To shi ke nan, sai mu koma sama?"

"Ban ce haka ba. Kun kwashe kaya, ta kwashe nata, kowa ya zauna shekara uku a gaban shaidu, kotu na iya duba wannan. Shi ma Clinton ba zai iya taɓa gidan yadda yake so ba sai ya samo takardar kotu ta kula da gadon mahaifiyarsa. Kuma doka ta tara ta ce ba a mai da filat shago ko fasa bangon waje sai kashi biyu cikin uku na masu gida sun yarda, domin bangon waje na kowa ne. Za ku iya hana shi kemis. Amma hana shi kemis ba zai mai da lamba biyu taku ba. In aka shiga kotu, shekaru ne, kuma ba zan yi miki alkawarin nasara ba." Ta rufe kundin. "Hanya mafi sauƙi ita ce yaron ya sa hannu da kansa. Ku kira mitin, zan zo."

Baba Istifanus da ya ji labarin doka ta tara sai ya miƙe kamar an ba shi sabon muƙami. Kwana uku ya yi yana yawo da kundin a hammata, yana karanta wa duk wanda ya tsaya, har da dokar wurin ninkaya. Ya rantse yaron ba zai fasa ko bulo ɗaya ba muddin yana ciyaman. Celina dai hankalinta bai kwanta ba. Ta san mutumin da aka toshe wa hanya ba ya yin laushi, taurin kai yake ƙarawa, kuma ƙarshen wata na matsowa.

Ranar Asabar da la'asar aka jera benci a gindin mangwaro. Masu gida goma sha ɗaya suka zauna, Clinton ya cika na sha biyu da fayil ɗinsa a cinya, Barista Lizzy a gefe. Aka buɗe da addu'a. Daga nan kowa ya fara faɗin abin da ya gani ranar musaya, wa ya zauna ina, wa ya yi addu'a, har da mai tuna cewa kunun ya yi tsami. Clinton ya bari suka gama.

"Na ji, kuma ban ƙaryata kowa ba," ya ce. "Amma ni takarda nake bi."

Baba Istifanus ya buɗe doka ta tara ya karanta da muryar mai wa'azi, ya ce a ɗaga hannu. Babu hannu ko ɗaya da ya tashi don kemis. Fuskar Clinton ta canja.

"To shi ke nan. Ba kemis. Amma filat ɗin na nan a sunan mamana. Zan zauna a ciki, ko in kulle shi in tafi. Tunda doka kuke so, doka ta ce gidan Baba lamba goma sha ɗaya ne."

Abin da Celina ta ji tsoro ke nan. Wurin ya kaure da surutu, wani na cewa yaran yanzu, wata na cewa ƙasa ba ta gama kwanciya a kan uwarsa ba. Sai aka ji ƙarar sanda a jikin benci, sau uku. Ebenezer ne. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito.

"A kai ni."

"Ina, Baban Peace?" Celina ta tambaya.

Ya ɗaga sandar ya nuna sama. "Gidana. Yanzu." Sai ya juya sandar ya nuna Clinton. "Kai. Kama."

Celina ta so ta hana, amma ta san mijinta. Tun yana da lafiya in ya kafe a kan abu, sai dai a bi shi. Aka kawo kujerar roba, irin wadda ya tsana. Maza uku suka tashi, aka bar ƙafar baya ta dama, wadda ta fi nauyi idan ana hawa. Clinton ya dubi Barista, ta kau da kai tana gyaran gilashi. Ya ajiye fayil ɗin a benci ya kama.

Ebenezer ba ƙaramin mutum ba ne, kuma shekara uku na tuwon Celina a gindin mangwaro sun ƙara masa. Matakalar gidan ƙunci gare ta, a kowace kwana sai an ɗaga kujerar sama da ƙarfen riƙewa an karkata ta, mai zaune a ciki ya rataya a gefe ɗaya. Celina na biye da su riƙe da sandar, tana ƙirgawa a ranta kamar da. A ta goma sha biyu rigar Clinton ta jiƙe. A ta ashirin ƙafarsa ta zame, kujerar ta yi baya, hannun Ebenezer da ya shanye ya faɗo yana lilo a gefen fuskar yaron, ba shi da ikon janye shi. Clinton ya tokare da kafaɗa har aka daidaita. Daga nan har sama numfashi kawai ake ji.

Makullin lamba goma sha ɗaya na wurin Celina tun ranar da aka kai marigayiyar asibiti. Ta buɗe. Ƙamshin busasshiyar citta ya tarbe su, tana nan shanye a kan buhu a tsakar falo yadda aka bar ta. Aka sauke Ebenezer. Clinton ya dafa bango yana haki, sannan ya fara duban ɗakin da mahaifiyarsa ta yi shekara uku a ciki bai taɓa gani ba. Ta yi wa bangon fenti ruwan ganye. Ta jera gwangwanaye a baranda da barkono da ɗoɗɗoya a ciki, sun bushe. Kujerun falon duk suna fuskantar talabijin, sai guda ɗaya ta katako da aka ja can jikin taga, ta juya wa ɗakin baya, matashinta ya lotsa. A bango kusa da ita akwai kalandar coci, kusan kowane wata da rana ɗaya da aka zagaye da biro.

Clinton ya matsa ya dubi ranakun. Ya san su. Ranakun da yake cewa a waya zai zo ne, kafin ya sake kira ya ce sai wata mai zuwa.

"Me ya sa kujerar nan take nan?" ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Wannan ce maganar da Celina ta haɗiye ranar da ya zo da fayil. Yanzu da aka buɗe mata ƙofa, sai ta ji ba ta son faɗa, tausayinsa ya kama ta. Ebenezer ne ya amsa.

"Hanya."

Clinton ya leƙa. Daga ƙasa ba a ganin komai sai katanga, amma daga wannan taga, ta saman rufin masana'antu, ana hango babban titin da motocin kudu ke shigowa Kaduna. Ya zauna a kujerar. Ya rufe fuska da rigarsa da ta jiƙe, kafaɗunsa na rawa. Mazan suka fita baranda suna duban gwangwanayen barkono kamar abin ya dame su.

Celina ta je ta dafa kansa. "Ba aro ta ba mu ba, ɗana. Ta taimake mu, gaskiya ne, Allah ya saka mata. Amma ita ma nan take so. Ba ta yi fushi da kai ba ko sau ɗaya. Cewa take aiki ne ya riƙe ka."

An jima kafin ya tashi. Da aka zo sauka, mazan suka nufi kujerar roba, ya ce su bari. Ya durƙusa a gaban Ebenezer ya juya masa baya, aka ɗora masa shi, Celina ta kwance gyalenta ta ɗaure su tare yadda ake goyo. A haka ya sauko da shi matakala talatin da takwas, a hankali, hannu ɗaya a jikin ƙarfe. Bai tsaya a gindin mangwaro ba, sai da ya kai shi ƙofar lamba biyu ya sauke.

Ya dawo wurin taron ya ɗauki fayil ɗinsa ya miƙa wa Barista Lizzy. "Anti, ina ne zan sa hannu?"

"Ba yau ba," ta ce. "Yau za mu rubuta abin da kuka yarda da shi, kai da su da shaidu. Sai ka samo takardar gado, sannan a yi ta musaya yadda ya kamata, a buga mata hatimi. Zai ɗauki lokaci." Ta juya ga sauran. "Ku kuma, duk wanda ya san ya yi musayar wani abu a gidan nan da addu'a kaɗai, ya same ni ranar Litinin."

Mutum huɗu suka sunkuyar da kai, ciki har da Baba Istifanus, wanda ashe ɗakin ajiyar da yake taƙama da shi na lamba bakwai ne a takarda. Don ya kawar da maganar, sai ya buɗe kundin ya gano cewa tsohon ɗakin mai gadi da ke bakin get na ƙungiya ne, kuma ƙungiya na iya ba da shi haya. Aka ɗaga hannu kan a ba Clinton ya yi kemis ɗinsa a can. Tara suka yarda, biyu suka ƙi, ɗayansu don har yanzu yana jin haushi, ɗayar don a nan take ɗaure akuyarta.

Wata bakwai takardun suka ɗauka, da zirga-zirga da layi da a dawo gobe. Ranar da Barista ta kawo su, Celina ba ta kai tata ƙasan akwati ba sai da ta sa aka karanta mata ita daga farko har ƙarshe, ta ga sunan Ebenezer da lamba biyu a layi ɗaya da idonta.

Da yammar ranar ta fito da kunu a jug. Ebenezer na gindin mangwaro yana fama da wata tsohuwar fanka da hannun hagu. Kemis ɗin na rufe. Ta ɗaga kai, ta hango Clinton a tagar sama, zaune a kujerar katako, yana kallon hanya. Ta tsaya da jug ɗin a hannu, ta tuna yadda take haurawa da shi kowace yamma. Sai ta kira sunansa, ta ce ya sauko ya sha tun da zafinsa, ita gwiwoyinta sun gaji.